Talata, ranar komawa asibiti

Tun a bakin ƙofa autata ta fara. Ba wanda ya taɓa ta, ko sirinji ba ta gani ba. Farar rigar nas kawai ta hango, ta ƙanƙame ni tana tsala ihu. Makon jiya aka yi mata allurar zazzaɓi kwana uku a jere, yau kuwa dubawa ce kawai. Nas ɗin ta ce, "Maman yarinya, duk haka suke yi." Amma ni jikina ya yi sanyi.

Bayan azahar da ta samu barci na ɗauko takardun jarrabawar ilimin halayyar ɗan Adam, sai ga Ivan Pavlov na Rasha. Shi binciken narkewar abinci yake yi, a kansa ma ya ci kyautar Nobel a 1904. Ya lura karnukansa na dalalar da miyau da ganin mai kawo musu abinci, tun bai ajiye ba. Sai ya riƙa haɗa wani sauti da abincin, har sautin kaɗai ya isa ya kawo miyau. Na haddace wannan tun bara, yau na gan shi a goye a bayana.

Labarin Albert ne ya hana ni sukuni. A 1920, a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, John Watson da Rosalie Rayner suka riƙa ajiye farin ɓera a gaban jariri ɗan wata 11. Da can wasa yake da shi. Yana kai hannu sai a buga guduma a kan ƙarfe a bayan kansa. Daga baya ganin ɓeran kaɗai kuka yake sa shi, haka zomo ma, haka kare, haka rigar gashi. Kuma aka tafi da yaron ba a cire masa tsoron ba. Ɗan mutum fa! Sai da na rufe takardar.

Mary Cover Jones ce ta sanyaya mini zuciya. A 1924 ta ba da rahoton wani yaro, Peter, mai tsoron zomo. Yana cin abin da yake so, sai a ajiye zomon can nesa, kullum a ɗan matso da shi, har yaron ya kai ga shafa shi.

Da magariba ƙanwar babanta ta shigo da farin hijabi, yarinya ta ɓarke da kuka. Na ce, "Gwaggonta, zauna nan bakin ƙofa tukuna." Na ɗora ta a cinya ina ba ta ayaba. Tana ci tana satar kallon hijabin, tana ajiyar zuciya. Gwaggo ta ce gobe ma za ta zo da shi, mu matso da tabarmar kaɗan.