Wata 14 da fara lambun: abin da ya tsaya da abin da na sake tonewa

'Yan uwa masu koyon tsara lambu, barkanmu da aiki. Na yi alkawarin zan riƙa rubuta inda aikina ya kwana, mai daɗi da marar daɗi, to ga na wannan karon. Filin da nake fama da shi tsawonsa mita 9 ne, faɗinsa mita 5. Katanga ta kewaye shi ta ɓangare uku, bangon gidan ya rufe na huɗu. Kuɗin da na ware masa kaɗan ne ƙwarai, kuma tun ranar farko na ɗaura niyyar ba zan ƙara komai a kai ba. Wannan niyyar ce ta koya mini rabin abin da na sani yau, domin wanda aljihunsa bai da zurfi dole ya yi tunani sau biyu kafin ya ɗaga shebur.

Wata uku na farko ban dasa ko tsinke ba. Nakan tsaya a bakin ƙofa da ƙarfe 8 na safe, da 12 na rana, da 4 na yamma, in ɗauki hoto daga wuri ɗaya, in zana iyakar inuwa a takarda. Da na jera hotunan sai na ga kusurwar da na so in yi wurin zama ita ce rana ke dukanta har faɗuwarta. Da na bi son zuciyata, da yanzu ina da daɓe mai kyau wanda babu mai iya zama a kansa. Sai na mayar da wurin zaman kusa da bangon gidan, inda inuwa ke sauka tun da azahar.

Awon filin ma ya ba ni mamaki. Ana cewa ido ba mudu ba, ya san kima, amma nan kam ido ya yaudare ni. Na ɗauka kusurwoyin filin huɗu duk daidai suke. Da na auna kowace kusurwa daga maki biyu a jikin bangon gidan, na haɗa layukan a takarda, sai ga faɗin ƙarshen filin mita 4.7 ne, ba 5 ba. Santimita 30 ba wani abu ba ne a baki, amma da na shimfiɗa hanya ina bin katangar, da karkacewar ta fito fili kowa ya gani. Zanen na yi shi a sikelin 1:50, wato santimita 2 a takarda mita 1 ne a ƙasa. Don fitar da kusurwa daidai a fili, igiya da turaku uku sun wadatar: mita 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗayan, idan tsakaninsu ya ba da 5 to kusurwar ta tsaya.

Ƙasar kuma na gwada ta da kwalba. Na zuba ƙasa kamar sulusin kwalbar, na cika da ruwa, na girgiza sosai na ajiye. Yashi kan kwanta cikin minti ɗaya ko biyu, lallausar ƙasa ta biyo baya cikin 'yan awoyi, yumɓu kuwa sai ya kwana ya wuni bai gama kwanciya ba. Tawa yumɓu ya yi mata yawa. Na san hakan tun lokacin, na rubuta shi a littafina, amma ban ɗauki darasin da muhimmanci ba sai da ruwa ya tuna mini.

Wajen raba filin na bi hanyar John Brookes, mai tsara lambuna ɗan Ingila wanda ya rasu a 2018. Shi ne tun a 1969 ya yayata tunanin cewa lambun gida ɗaki ne da ke waje. Dabararsa ita ce ka ɗauki wani awo daga jikin gidan, kamar faɗin ƙofa ko taga, ka zana layuka a kan takardar filin da wannan awon, tsaye da kwance, sannan duk abin da za ka gina ya hau kan layukan. Ƙofata da firam ɗinta mita 1.5 ce. Sai wurin zama ya zama mita 3 da 3, hanya ta ɗauki rabin awon, kwamin shuka suka cinye sauran. Dabarar ba ta ci mini komai ba sai fensir da haƙuri, amma ita ta sa lambun ya yi kama da wanda aka haifa tare da gidan. A ganina nan ne sirrin lambun zamani yake: siffofi kaɗan masu tsabta, kayan gini iri biyu ko uku, sai tsirrai su zo su tausasa gefunan.

Yanzu ga inda na yi tuntuɓe, kuma zan daɗe a kai don kada wani ya maimaita.

Daɓen wurin zaman da tsofaffin jan bulo na yi shi, kusan 400, waɗanda aka rushe daga wani gini za a zubar. Na kankare musu tsohon siminti ɗaya bayan ɗaya, na shimfiɗa tsakuwa na daddaɓe, na zuba yashi, na jera. Na sa lebur na tabbatar ko'ina ya kwanta daidai, ina murna. Ashe daidaitar ita ce kuskuren. Ruwan sama mai ƙarfi na farko da aka yi, na fito na tarar da ruwa kwance a gindin bangon gidan, bai da hanyar fita, ƙasar yumɓu kuma ta ƙi shanye shi. Ya kwana biyu a wurin. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin mako uku na aikin hannuna ne, kuma na san danshi a gindin bango ba abin wasa ba ne.

Daɓe yana buƙatar gangara mai nisantar da ruwa daga gini. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kamar 1 cikin 60, wato duk santimita 60 a sauka da santimita 1. A mita 3 ɗina, santimita 5 ke nan. Na cire bulon gaba ɗaya, na jera su gefe. Wannan karon da siririn tiyo mai ganin ciki na yi awon: ka cika shi da ruwa, ka riƙe bakunansa biyu a jikin turaku, ruwan zai tsaya a tsayi ɗaya a duka ɓangarorin komai nisa. Daga wannan alamar na sauko da santimita 5 a turken nesa, na ja igiya, na sake jerawa. Yanzu ko an wuni ana ruwa, cikin 'yan mintuna daɓen ya tsane. Idan akwai wurin da mai ƙaramin kasafi bai kamata ya yi rowa ba, to abin da ke ƙarƙashin ƙafa ne: tsakuwar gindi, daɓewa, da hanyar ruwa. Babu mai ganinsu a hoto, amma su ke riƙe da komai.

Wannan wahalar ta sa na zauna na yi lissafin ruwan. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Ɓangaren rufin da ke zubowa cikin lambun murabba'in mita 20 ne, don haka ruwan milimita 25 kaɗai lita 500 ke nan. Tankina lita 200 yake ci. Sauran 300 fa? Sai na haƙa ɗan kwari marar zurfi a can ƙarshen filin, nesa da bango, na cika shi da tsakuwa, na ja rarar tankin da ta daɓen zuwa can. Wurin ya zama mafi kore a lambun, kuma ban shayar da shi da hannu ba tun da na gama shi.

Jerin tsirrai na farko da na rubuta iri 23 ne. Duk abin da na gani ya burge ni sai in ƙara. Mutum biyu suka sa na rage. Ta farko Beth Chatto ce, wadda a farkon shekarun 1990 ta mayar da tsohon wurin ajiye motoci lambun tsakuwa a yankin Essex, ɗaya daga wuraren da suka fi ƙarancin ruwan sama a Ingila, kuma ba a shayar da shi. Koyarwarta ita ce a zaɓi tsiron da ya dace da wurin, a daina tilasta wa wuri ya dace da tsiro. Na biyu Piet Oudolf ne, ɗan ƙasar Holan, wanda ya tsara shukar High Line a New York, tsohon layin dogo na sama da aka buɗe sashensa na farko a 2009. Daga gare shi na ɗauki maimaitawa: iri ɗaya a dasa shi gungu-gungu, ya bayyana nan ya sake bayyana can, kuma a bar ciyawar ado ta bushe a tsaye domin busasshiyar ma tana da nata kyan.

Na koma iri 6. Bishiya ɗaya ta inuwa, ciyawar ado iri biyu, fure mai jure fari iri ɗaya, alobera a bakin hanya, da mai hawa katanga. Bishiyar ce kaɗai na saya da ɗan girmanta, kuma ita ta fi komai cin kuɗi a cikin tsirran. Raminta na yi shi ninki biyu na faɗin saiwarta amma ban zurfafa ya wuce tsayin ƙasar da ta zo da ita ba, don binne wuyan bishiya yana ruɓar da ita a hankali. Sauran duk daga yankan reshe da raba gindi na same su. Na kafa reshe 40 a leda, 26 suka kama. Ciyawar kuwa gindi uku na raba suka zama 15. Watanni na farko kwamin sun yi kama da kan da aka yi wa aski, ƙasa a fili ko'ina. Na rufe ta da busassun ganye da ɓawon itace kaurin santimita 5 zuwa 7, na bar ɗan tazara a gindin bishiyar, na riƙa shayarwa sosai amma jefi-jefi don saiwa ta bi ruwa ƙasa. Yanzu ciyawar ta haɗe, da kyar ake ganin ƙasa.

Katangar ƙarshe na shafa mata fenti ruwan ɗorawa mai duhu, ita kaɗai. Luis Barragán, mai zanen gine-gine ɗan Meziko, wanda ya samu kyautar Pritzker ta masu zanen gine-gine a 1980, ya nuna abin da bango ɗaya mai launi ke iya yi da haske da inuwar ganye. Na gwada launi uku a jikin katangar na duba su safe da yamma kafin in zaɓa. Gwangwani ɗaya ya isa.

Akwai wani abu da ke raina game da yabo. Yawancin lambunan da ake nunawa a mujallu na masu hali ne, sai mai koyo ya ɗauka tsari mai kyau sai da tarin kuɗi. Shi ya sa na ji daɗi da na ga ƙungiyar masu tsara lambuna ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1981, ta ware rukuni na musamman a kyaututtukanta don babban tunani a ƙaramin kasafi. Haka kuma baje kolin furanni na Chelsea a Landan, wanda ake yi tun 1913, a 2021 ya buɗe rukunin lambunan baranda da na tukwane. Irin wannan karramawar tana auna basirar mai aikin: me ya bari, me ya sake amfani da shi, ina ya zuba ɗan abin da yake da shi.

Sai dai ina da ƙorafi ɗaya. Lambun baje koli na kwanaki ne, an cika shi da manyan tsirrai a ranar da suka fi kyau. Lambun ƙaramin kasafi kuwa da ƙananan dashe yake farawa, bai nuna fuskarsa sai a shekara ta biyu ko ta uku. Da ni ne alƙali, da hoton shekara ta biyu zan nema, da kuma hoton washegarin ruwan sama. Zan kuma nemi gaskiya a lissafi. Bulona kyauta ne, amma kankare su ya ci mini ranaku da yawa, kuma wanda ya ce aikinsa bai ci komai ba alhali ya ɓoye gumin hannunsa ya ruɗi mai koyo na bayansa. Don haka ina roƙonku, ku ajiye abu huɗu tun yau: hoton filin kafin ku taɓa shi, zanen, littafin abin da kuka kashe har da ranakun aiki, da hoto daga wuri ɗaya duk wata. Ko ba ku shiga wata gasa ba, da su za mu iya duba aikin juna mu faɗi abin da ya yi da dalilinsa. Ni nawa littafin har shafin ranar da na tone daɓen yana ciki, ban yage shi ba.

Abin da ya rage mini biyu ne. Benci, wanda zan yi da katakon da ya ragu, tsayinsa kamar santimita 45 daga ƙasa, a jingine da bango. Sai kusurwar hagu, inda gindin ciyawa uku suka mutu a jere yayin da 'yan uwansu ke bunƙasa taku biyu daga wurin. Ina zargin akwai ɓaraguzan siminti a binne. Ranar Asabar zan haƙa rami mai zurfin santimita 30 a wurin, in cika shi da ruwa in ga awa nawa zai ɗauka kafin ya tsane, kuma ba zan sake dasa komai a can ba sai na ga abin da ke ƙasa.