Lulluɓe Bangon Gida da Katako a Whitstable

A Whitstable, ƙaramin garin shaƙatawa da ke bakin teku a Kent ta Ingila, an daɗe ana lulluɓe bangon gidaje da falankin katako, wasu har a shafe su da kwalta.

Ƙusa ce ke fara lalacewa. Gishirin da iska ke kwasowa daga teku yakan cinye ta, tsatsa ta ɓata katako, falanki ya saki. Don haka a nemi ƙusar da ba ta tsatsa mai lamba A4, wato 316, komai tsadarta.

Kada a manna falanki da bango kai tsaye. A fara shimfiɗa leda mai fitar da danshi, a kafa sandunan katako a tsaye masu kaurin milimita 25 zuwa 38, tazararsu kada ta wuce milimita 600. A kan sandunan ake kafa falanki, kuma ta gurbin da suka bari tsakaninsa da bango iska ke busar da bayansa. In aka toshe shi, ruɓa daga ciki take farawa, ba a gani sai ta yi nisa. A sa raga sama da ƙasa saboda ƙwari.

Kowane falanki ya hau na ƙasansa da kamar milimita 30, na can ƙasa kuma ya bar tazarar milimita 150 tsakaninsa da ƙasa. Duk inda zarto ya yanka, a shafa fenti kafin a kafa.