Tambayar da Ban Yi wa Majinyaci Ba

Lokacin da na fara aikin jinya, na ɗauka cewa wanda shaye-shaye ya kama ba ya ɓoyuwa, domin a tunanina za a gan shi da jajayen idanu da tufafi masu dauɗa, yana tafe yana tangaɗi. Wani dattijo da aka kwantar a sashenmu saboda karayar ƙafa ne ya gyara mini wannan fahimta. Mutum ne mai tsafta da kamun kai, yana da aiki da iyali, kuma kwarjininsa ya sa na ji nauyin tambayarsa ko yana shan barasa sa'ad da nake cika takardar karɓarsa. Washegari hannuwansa suka fara karkarwa, na ce fargabar tiyata ce. A dare na uku gumi ya jiƙa shi sharkaf, bugun zuciyarsa ya ƙaru, ya ruɗe yana cewa ƙwari suna bin bango. Likita na zuwa ya gane cewa jikinsa ne ke neman barasar da ya saba sha kullum shekara da shekaru, wadda kwanciyar asibiti ta yanke masa farat ɗaya.

Daga baya na karanta cewa alamomin irin wannan yankewa sukan fara tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, mafi munin ruɗewar kuma takan zo a kwana na biyu zuwa na huɗu, tana iya haɗuwa da jijjiga har ta kai ga mutuwa. Saboda haka na daina ba wanda ya daɗe yana sha shawarar ya daina nan take shi kaɗai a gida, duk da cewa mai ba da irin wannan shawara alheri yake nufi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yawan abin da mutum ke sha bai isa ya zama ma'auni ba. Kundin gano cututtukan ƙwaƙwalwa mai suna DSM-5, wanda ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013, ya jera alamomi 11 na matsalar shaye-shaye, kuma samun biyu cikin wata 12 ya isa a ce akwai matsala, shida zuwa sama kuwa ta yi tsanani. Yawancinsu a halayya ake ganinsu: mutum ya yi niyyar shan kaɗan ya zarce, ya sha ƙoƙarin dainawa ya kasa, ya watsar da abubuwan da yake so a da, ya ci gaba da sha alhali yana ganin illar a jikinsa da gidansa. Buƙatar ƙari kafin a ji abin da ake ji a da ita ma alama ce, ko barasa ce ko ƙwayar rage raɗaɗi irin su tiramadol da kodin.

Yanzu kowa nake tambaya, babba da yaro, mace da namiji, da muryar da nake tambayar hawan jini. Ina amfani da tambayoyi 10 na AUDIT, gwajin gano matsalar shan barasa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, kuma na lura cewa idan na ce "sau nawa a mako?" maimakon "kana sha?", mutane sun fi faɗin gaskiya. Dattijon nan ya warke, kuma ranar sallamarsa ya gaya mini cewa da an tambaye shi tun a daren farko, da ya faɗa.