Jirgin da bai iya gudu ba amma yana kai mutane gida

Wallahi tun jiya nake kallon hoton wani tsohon jirgin saman Ingila, Handley Page HP42, na kasa ɗauke ido. Fukafukai hawa biyu, injina huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, in ka gan shi sai ka rantse ba zai ɗaga ba. Amma ya tashi, karon farko a Nuwamba 1930, daga 1931 kuma kamfanin Imperial Airways ya fara ɗibar fasinja da shi.

Guda takwas kacal aka ƙera, kowanne sunansa da H ya fara, su Hannibal, Heracles, Hanno, Helena. Huɗu suna jigila daga filin Croydon na Landan zuwa Paris da kujeru 38, sauran huɗun an ajiye su Alkahira suna bin hanyar Indiya da Afirka, su kujerunsu ba su kai haka ba don a samu wurin zuba wasiƙu da kaya.

Gudu kam babu, wajen kilomita 160 a awa, in iska ta taso ta gaba kuwa sai dai haƙuri, amma ciki kamar taragon manya a jirgin ƙasa, kujeru masu laushi, ga abinci ana kawo maka a faranti kana zaune, kuma abin da ya fi kama ni shi ne a zamanin da hawa jirgi kasada ce ta gaske, jiragen nan sun yi kusan shekara tara, kafin ɓacewar Hannibal a 1940, suna kai da kawowa ba fasinja ko ɗaya da ya rasa ransa a cikinsu. Ko ɗaya fa! Ni a wurina wannan ya fi gudu komai yawansa.

Ƙarshensu ne ke min ciwo. Hengist ya ƙone a rumfar ajiya a Karachi a 1937. Da yaƙi ya zo, Hannibal ya ɓace a kan tekun Oman ran 1 ga Maris 1940 da mutum takwas, har yau ba a gano shi ba. A watan dai, guguwa ta haɗa Heracles da Hanno suna ajiye a ƙasa kusa da Bristol ta ragargaza su. Zuwa 1941 ba sauran ko guda, ba wanda ya kai gidan tarihi, shi ya sa nake ta zuƙo hoton nan ina leƙen tagoginsa.