Kwana bakwai a kan Dutsen Kilimanjaro ta hanyar Machame

A Ƙofar Machame, abin da ya fara tsayar da mu shi ne sikeli. Ma'aikatan gandun dajin Kilimanjaro suna auna kayan kowane ɗan dako kafin ya wuce, domin ƙa'ida ba ta yarda a ɗora masa fiye da kilo 20 ba. Shi ya sa aka ce mana tun muna Moshi, garin da ke gindin dutsen a Tanzaniya, kada babbar jakar mutum ta haura kilo 15. Ƙofar tana kan tsayin mita 1,800 ne daga teku, ƙololuwar Uhuru kuwa mita 5,895, babu wurin da ya kai ta tsawo a duk Afirka. Tsakanin waɗannan biyun akwai hawan da ya fi mita 4,000, kuma tafiyar gaba ɗaya, hawa da sauka, kimanin kilomita 60 ce.

Kilomita 60 a cikin mako guda ba abin tsoro ba ne ga wanda ya saba da tafiyar ƙasa. Iska ce matsalar. Mutumin Kano yana zaune ne a ƙasa da mita 500, na Jos a wajen 1,200. Chappal Waddi da ke Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne, wato tun a daren farko a Kilimanjaro mun kwana a saman inda ya tsaya. A ƙololuwa kuwa, kowane numfashi da ka ja yana kawo maka kusan rabin iskar oksijin da kake samu a bakin teku. Jiki yana iya sabawa da hakan, amma kwanaki yake buƙata, kuma babu atisayen da zai rage masa waɗannan kwanakin. Don haka shawarar da ta fi kowace nauyi ana yanke ta ne tun a gida, ranar da za a biya kuɗi: kwana nawa za a yi a kan dutsen. Ana bin Machame a kwana shida, ana bin ta a bakwai. Hanyar Marangu har a kwana biyar ake sayar da ita, Lemosho kuma a takwas. Mu bakwai muka zaɓa, kuma duk wanda ya tambaye ni zan ce masa ya rage kuɗin otal da na tsaraba ya sayi wannan kwana ɗayan.

Atisayen ya ɗauki wata uku. Sau uku a mako, hawa da saukar matattakalar bene na minti 40 da jaka a baya, ana farawa da kilo 4 har a kai 8. A ƙarshen mako, tafiyar awa biyar zuwa shida a wuri mai tudu da gangara, washegari kuma a sake fita da gajiyar jiya a ƙafa, saboda haka dutsen yake, ba ya ba da ranar hutu. Duk wannan a cikin takalmin da za a hau da shi ake yinsa. Sabon but da aka kwance daga kwali a Moshi shi ne ke fitar wa mutane bororo a dunduniya tun rana ta biyu. A saye shi da ɗan sarari a gaba, kamar faɗin babban yatsa, a gwada shi da safa mai kauri da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura.

Kafin tafiya akwai zuwa wurin likita, kuma a nan akwai batun da ya shafi mutanenmu kai tsaye. Mai ciwon sikila bai kamata ya kusanci irin wannan tsayin ba. Mai jinin AS ma, wanda yake zaune lafiya lau a gida, ƙarancin oksijin da bushewar jiki suna iya toshe masa jini a saifa, ya ji ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. A san nau'in jini, AA ne, AS ko SS, a faɗa wa likita tsayin da za a kai da lamba, a bar shi ya yanke hukunci. Shi ne kuma zai rubuta maganin Diamox, mai taimaka wa jiki sabawa da tsayi, idan ya ga ya dace. Abin da aka saba bayarwa miligiram 125 ne sau biyu a rana, ana farawa kwana ɗaya kafin hawa. Yana sa yawan fitsari da jin tsira-tsira a yatsu, don haka gara a gwada shi a gida a san yadda jiki ke karɓarsa. Sai katin allurar shawara, wanda ake nema daga mai fitowa daga ƙasashenmu, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro saboda kwanakin Moshi, da inshorar da ta rubuta ƙarara cewa ta haɗa da tafiya har mita 6,000. Bizar Tanzaniya kuma a neme ta da wuri, makonni kafin ranar tashi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani biyun ƙasar: Janairu zuwa farkon Maris, ko Yuni zuwa Oktoba. Afrilu da Mayu tsakiyar damina ce.

Ranar farko cikin kurmi muka wuni. Itatuwa dogaye sun sha gansakuka, ƙasa jiƙe, birai masu baƙi da fari da doguwar jela suna tsallake rassa a samanmu. Jagoranmu ya shiga gaba yana ɗaga ƙafa kamar mai rakiyar tsoho masallaci, duk wanda ya nemi wuce shi sai ya ce masa "pole pole", wato sannu sannu da Suwahili. Ba a yarda kowa ya hau dutsen nan babu jagora mai lasisi ba, kuma babban aikinsa a kwanakin farko shi ne hana mutane sauri. Ma'aunin da ya ba mu mai sauƙi ne: idan ba za ka iya hira kana tafiya ba, ka yi sauri da yawa. Bayan awa shida muka isa sansanin Machame, wajen mita 3,000.

A wannan ranar aka gane amfanin tsarin tufafi. A kurmi gumi ake yi, rana na faɗuwa kuma sanyi ya sauko. Rigar auduga tana shan gumi ta riƙe shi, sai ta koma tsumma mai sanyi a jikin mutum, saboda haka ba a sa auduga a dutse, har singileti da safa. Ana jera kaya ne hawa-hawa: ta ciki mai manne wa jiki ta ulu ko roba, sai rigar ɗumi mai laushi, sai babbar jaket mai gashin tsuntsu, sai ta waje mai tare ruwa da iska. Ana cire ɗaya kafin gumi ya karyo, ana mayar da ita da zarar an tsaya. Ƙaramar jakar baya mai cin lita 30 ita ce ke tare da kai duk wuni, a cikinta akwai ruwa lita uku, rigar ruwa, tabarau mai tare hasken rana, man kare fata, man leɓe, da abin taunawa. Dabino da gyaɗa sun fi mini komai amfani. Tanzaniya ta hana ledar zuba kaya tun 2019, kuma ba a shiga gandun da robar ruwan da ake sha a yar, sai gora mai ɗorewa.

Rana ta biyu itatuwa suka gajarce, muka fita fili, muka kwana a Shira, wajen mita 3,800. Da asuba raɓa ta daskare a kan tanti, tana karyewa kamar ɓawon ƙwai idan ka buɗe zif. Jakar barcin da aka yi don sanyin digiri 10 zuwa 15 ƙasa da sifili ita ce daidai, da katifar shimfiɗa mai hana sanyin ƙasa shigowa, domin ta ƙasa sanyi ya fi cin mutum. Batir da waya a cikin jakar barci suke kwana, in ba haka ba sanyi ya zuƙe cajinsu kafin gari ya waye. Ga mai salla, alƙibla a can arewa take, ta ɗan karkata gabas kaɗan, kada sabo ya sa a fuskanci mafitar rana. Ana kawo ruwan ɗumi a ƙaramin kwano safe da yamma, ya isa alwala idan an yi tattali, amma a busar da ƙafa sarai kafin a mayar da safa.

Rana ta uku ita ce dalilin da ya sa ake yabon wannan hanyar. Mun hau har Lava Tower, wani murgujejen baƙin dutse a wajen mita 4,600, muka ci abincin rana a gindinsa, sannan muka gangara muka kwana a Barranco, ƙasa da mita 4,000 kaɗan. A lissafin tsayin wurin kwana kusan ba mu ƙaru da komai ba, amma jiki ya ɗanɗani sama ya dawo ya huta a ƙasa, kuma haka yake koyon sabawa. A ranar ne ciwon kai ya fara zagaya ayarinmu. Ciwon tsayi yana farawa da ciwon kai, rashin son abinci, tashin zuciya, jiri da barci marar daɗi. Idan ya tsaya a nan, a sha ruwa, a sha maganin ciwon kai, a faɗa wa jagora, kada a ƙara hawa sai ya lafa. Kowane dare jagororin suna maƙala mana ƙaramar na'ura a yatsa su duba oksijin jini da bugun zuciya, suna yi mana tambayoyi. Ina roƙon duk mai niyyar zuwa kada ya ɓoye musu komai don kunya ko don tunanin kuɗin da ya kashe. Abubuwa biyu ne ke kisa a dutsen nan. Ɗaya ruwa ya taru a huhu: mutum yana haki ko a zaune yake, yana tari mai kumfa, ƙirjinsa na kurnu. Ɗaya kuma ƙwaƙwalwa ta kumbura: ya rikice, maganarsa ta sauya, ya kasa tafiya a miƙe yana tangaɗi. Maganinsu sauka ce nan take, ko da tsakar dare ne, ba a jiran safiya.

Kwarin Barranco cike yake da wasu tsirrai da ban taɓa ganin irinsu ba, dogaye sun fi mutum, gangar jikinsu lulluɓe da busassun ganyensu kamar bargo, kansu kamar ƙaton kabeji. Da safe muka hau Bangon Barranco, mita 250 da ɗoriya. Daga nesa yana da ban tsoro, amma hawa ne da hannu da ƙafa, babu igiya. A ninke sandunan tafiya a ɗaure a jaka, a bar wa 'yan dako hanya idan sun taho da kaya a ka. A Karanga muka kwana, kuma wannan ne daren da masu kwana shida suke tsallakewa. Rafin da ke kwarin nan shi ne ruwa na ƙarshe a hanyar. Duk abin da aka sha ko aka yi girki da shi a sansanin gaba, 'yan dako ne suka hau da shi a ka, don haka ba ruwan da za a yi wasa da shi ba ne.

Barafu, wadda ma'anarta ƙanƙara da Suwahili, tana wajen mita 4,670, babu ko ciyawa, sai fasassun duwatsu da iska. Mun isa da rana, muka ci abinci da wuri duk da cewa baki ba ya so, muka shirya komai kafin duhu: sabon batir a tocilar goshi, wando hawa uku, riga hawa huɗu ko biyar, safar hannu siririya da mai kauri a kanta, hular sanyi da mayafin rufe hanci. Ruwa ana zuba shi da zafi, a sa gorar cikin safa, a kifa ta kai ƙasa a jaka, saboda ruwa daga sama yake fara daskarewa, kada bakin gorar ya toshe. Masu jakar ruwa mai tiyo su hura iska a cikinsa bayan kowace kurɓa, duk da haka sau da yawa yakan daskare.

Wajen ƙarfe goma sha biyun dare muka tashi. Babu abin da ake gani sai dunduniyar na gabanka a cikin hasken tocila, da jerin fitilu can sama suna lanƙwasa kamar taurari. Mita 1,200 ake hawa a daren, a kan tsakuwa mai zamewa. Taku ɗaya, numfashi ɗaya. Hutu ba ya wuce minti biyar, domin wanda ya daɗe a zaune sanyi zai shige shi. Tsakanin ƙarfe uku zuwa biyar ne lokaci mafi wuya, sanyi ya kai ƙarshe, barci yana fizgar ido. Gari na wayewa muka kai Stella Point, mita 5,756, a bakin ramin aman wutar Kibo, tsaunin da Uhuru ke kansa, rana tana fitowa ja ta bayan tsaunin Mawenzi. Daga nan zuwa Uhuru kusan awa ɗaya ce, hanya mai sauƙin hawa amma mai cin numfashi. A gefen hagu ga bangayen ƙanƙara farare tsaye, ragowar abin da ya rufe kan dutsen a da, wanda fiye da kashi 80 cikin ɗari nasa ya narke tun 1912. Jagorori ba su bari mun wuce minti goma sha biyar a wurin allon da ke nuna ƙololuwar ba.

Saukar ce mutane suka fi mantawa da ita a shiri. A wannan ranar dai aka koma Barafu, aka ɗan kishingiɗa, aka ci gaba har sansanin Mweka a wajen mita 3,100, wato saukar kusan mita 2,800 bayan dare guda babu barci. Gwiwa ce ke ɗaukar nauyin, sai farcen ƙafa da ke dukan gaban takalmi a kowane taku. A yanke farce kafin a bar gida, a ƙara ɗaure igiyar takalmi a idon sawu kafin a fara gangara, a tsawaita sandunan tafiya. Da safe a Mweka ake sallamar ma'aikata, don haka a tambayi kamfani adadin da aka saba bayarwa tun kafin a taso, a riƙe kuɗin a hannu, a karanta rabon kowa a gaban kowa, har da wanda ya ɗauki ruwa daga Karanga. Daga nan awa uku zuwa huɗu ce cikin kurmi zuwa Ƙofar Mweka, inda ake sa hannu a littafin fita a karɓi takardar shaida, mai ruwan zinariya ga wanda ya kai Uhuru, koriya ga wanda ya tsaya a Stella Point.