Buhun Soja da Ciyawar Baffa: Kwana Uku a Hanyar Chappal Waddi

A Kasuwar Ƙofar Wambai na saye ta, wurin wani mai gwanjo da ya fasa sabuwar dila da safe. Shi kansa bai san kanta ba. Ɗaga ta kawai ya yi yana cewa, "Alhaji, bargon Turawa ne mai zif, ko a firji ka kwana ba ruwanka." Ni kuwa ina gani na gane, don na daɗe ina kallon irinta a intanet. Jakar barci ce ta sojojin Amurka, mai hawa-hawa. Akwai koriya marar kauri, akwai baƙa mai kauri da ake zura ta cikin koriyar, sai rigar waje mai zanen kakin soja wadda ke tare ruwa da iska, sannan wata baƙar jaka mai igiyoyi da ake cusa su duka a matse. Idan an haɗa su da maɓallansu, an yi su ne don sanyin da ya wuce digiri 30 ƙasa da sifili. Nauyinsu ya ɗara kilo 4. Ban yi wani dogon ciniki ba, na biya na rungumo abina.

Da na kai gida uwargida ta zagaya ta sau biyu, ta ce, "Wannan ai likkafani ne mai hula." Ba ta yi ƙarya ba, don wajen kafaɗa faɗi gare ta, wajen ƙafa kuma ta tsuke.

Taubashina, ɗan gwaggona da ke aiki a Jalingo, shi ya daɗe yana zuga ni mu hau Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, mita 2,419, can a bakin iyakar Kamaru. Tun da na aika masa hoton jakar ya raɗa mini suna Janar, kuma har muka rabu bai sake kira na da wani suna ba. A ƙarshen Disamba na bar Kano, na bi ta Gombe da Numan na iske shi. Washegari muka kama hanyar Bali.

Bayan Bali aka tsayar da mu a wani shingen bincike, aka ce a buɗe but. Igiyar jakata ta saki a hanya, gefen rigar wajen nan mai zanen kaki ya leƙo. Gabana ya faɗi, don na san doka ta hana farar hula sa kayan soja, kuma ba a bakin titi ake son yin muhawarar ko bargo yana cikin kayan sawa ba.

"Wannan na wane ne?" in ji wani soja.

"Nawa ne, yallaɓai. Abin kwanciya ne, a gwanjo na saya."

Ya zaro ta gaba ɗaya, ya duba tambarin da ke ciki, ya ja zif ɗin sama da ƙasa irin jan wanda ya saba. Sai na ga fuskarsa ta saki. Ya ce in daina yawo da ita a fili, in nemi buhu in saka. Har na fara naɗewa ya ƙara da cewa, "Ina abin shimfiɗarta?" Na ce ai ita kaɗai ta isa, ga kauri. Ya dube ni, ya dubi taubashina, ya ce Allah ya kiyaye hanya. A garin gaba na sayi tsohon buhun shinkafa na cusa ta, maganar shimfiɗa kuwa ta bi iska.

A Serti muka tsaya, inda hedikwatar Gandun Dajin Gashaka Gumti take. Shi ne gandun daji mafi girma a ƙasar nan, ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma a 1991 aka haɗe dajin Gashaka da na Gumti aka mai da su ɗaya. Dutsen yana cikinsa, saboda haka sai da izini da ɗan rakiya. Muka cika takardu, muka wuce. Daga Mayo Selbe hanya ta fara nannaɗe dutse kamar rawani, kunnuwana suka toshe, direba ya kashe rediyo ya daina hira. Da muka ɓulla sama sai ga wata duniya dabam: tuddai masu ciyawa iya ganinka, jajayen shanu masu dogayen ƙaho, layukan itacen turare, da tsofaffin Land Rover da suka girme ni suna ta jigilar buhuna. Wannan yanki a da yana ƙarƙashin Jamus, daga baya Ingila ta riƙe shi amana, sai a ƙuri'ar 1961 ya zaɓi zama cikin Najeriya. Fulatanci ya fi tafiya a kasuwa, amma da Hausa ma ba za ka kwana da yunwa ba.

Muka kwana a Nguroje, da safe 'yan acaɓa suka kai mu Njawai a kan hanyar da ta kusa raba ni da haƙorana. Daga nan sai ƙafa.

La'asar sakaliya muka isa wata ruga a gefen tudu. Mai rugar dattijo ne siriri, kowa Baffa yake ce masa, mu ma muka bi sahu. Aka kawo kindirmo a ƙwarya, ya nuna mana wata bukka ya ce baƙi nan suke kwana. Taubashina da ɗan rakiyarmu suka shige da kayansu. Ni kuwa na ce a waje zan kwana. Kuɗina na zuba, na kuma ɗauko kilo huɗu a baya tun daga Njawai, ba zan shiga bukka in bar ta a buhu ba.

"Ɗana, akwai ɗari," in ji Baffa.

"Baffa, wannan an yi ta ne don ƙasar da ruwa ke zama dutse."

Ya ce to.

Na share wani wuri a ƙasan rugar kusa da rafi, inda ciyawa ta yi kwance luf. Na haɗa hawa ukun, na shige, na ja zif har haɓa, na tsuke igiyar hular. Minti goma na farko na ji kamar an sa ni a tanda. Har na fara tsara irin tsiyar da zan yi wa taubashina da safe.

Wajen ƙarfe biyun dare na farka. Cikina da ƙirjina suna da ɗumi, amma ƙugun da na kwanta a kai ya yi sanyi ƙarara, kamar an ɗora shi a kan ƙanƙara. Na juya ɗaya ɓarin, cikin rabin awa shi ma ya ɗauka. Na koma rigingine, sai gadon bayana. Haka na yi ta juyi kamar mai gasa tsire. A nan ne maganar sojan nan ta dawo mini. Abin da ke riƙe ɗumi a irin wannan jaka iska ce da ke maƙale a cikin audugar roba da aka cusa mata. Ta saman jikinka tana nan a kumbure. Ta ƙarƙashinka kuwa nauyinka ya matse ta ta zama kamar fallen zani, ƙasa kuma ta yi ta zuƙar zafin jikinka ba ƙoshi. Shi ya sa sojojin da aka yi wa jakar suke haɗa ta da 'yar katifar roba mai naɗewa. Ni na sayi sama na baro ƙasa a kasuwa.

Sai na ƙara wa kaina wani aikin. Hancina ya yi sanyi, na ja kaina ciki na rufe rigar wajen ruf, ina numfashi a ciki. Yadin rigar nan yana da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani, waɗanda ke barin tururin jiki ya fita amma ɗigon ruwa ba ya shiga. Sai dai ba zai iya da numfashin ƙato na tsawon dare ba. Kafin asuba wajen fuskata ya jiƙe sharkaf, yadin yana manne mini a kumatu. Ga shi wurin da na zaɓa ashe yana da ɗan gangare, yadin kuma santsi gare shi. Da gari ya fara wayewa na tarar na zame na bar inda na kwanta da taku uku, ƙafata tana dab da rafi.

Na fito ina karkarwa. Raɓa ta kwanta a bayan jakar kamar an yi yayyafi, takalmana da na bari a waje sun sha ruwa. Wata jikar Baffa ta kawo mini ruwan alwala da aka ɗumama a tukunya, ban taɓa jin daɗin ruwa irin na ranar ba. Taubashina ya leƙo daga bukka yana miƙa, idonsa tas.

"Janar, ya fagen fama? An ci garin ko an ja da baya?"

Ban tanka ba. Baffa ma bai ce ai na faɗa maka ba, kuma na ga girmansa a kan haka. Bayan mun sha shayi ya ce in nuna masa inda na kwana. Da ya ga wurin ya girgiza kai. Ya ce ko saniya ba ta kwana a nan. Sanyin dare gangarowa yake yi kamar ruwa, ya taru a kwari da bakin rafi, shi ya sa suke kafa ruga a ƙirjin tudu, ba can ƙasa ba, ba kuma can ƙoli inda iska ke kaɗawa ba. Ya shafa jakar, ya murza yadin da yatsu, ya yaba ɗinkin. Sannan ya ce, "Buhun nan naka mai kyau ne, amma ba shi da gindi." Ya shiga bukka ya fito da wani tsohon buzu, ya ce in riƙe, in mun sauko in dawo masa da shi. Ya kuma haɗa mu da jikansa, saurayi ɗan shekara kamar goma sha bakwai, don ya san inda ruwa yake a sama.

Tafiyar ranar ba ni da abin faɗa a kanta da yawa, don rabinta a cikin gyangyaɗi na yi ta. Hawa, sauka, tsallaka rafi, wani hawan. A cikin kwazazzabai akwai kurmi mai duhu inda muke jin kukan birai ba ma ganinsu. Na shanya jakar a kan kafaɗata tana bushewa muna tafe.

Zango na biyu ya fi na farko tsawo nesa ba kusa ba, kuma babu bukka. A ƙa'ida duk mita 1,000 da ka hau zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi, to Kano ba ta kai mita 500 ba, sai ka lissafa da kanka. Tun rana ba ta faɗi ba yaron ya zaɓa mana wuri a bayan wani dutse da ya tare iska. Ya zaro adda ya shiga yankan busasshiyar ciyawa, muna kwasa. Ya tara mini ita har ta kai gwiwa, ya bubbuga ta da sanda ko akwai wani abu a ciki, ya tattake, ya shimfiɗa buzun a kai, gashin yana sama. Ya jera duwatsu biyu ta wajen ƙafa don kada in sake tafiya cikin barci. Shi da sauran suka yi tasu shimfiɗar kusa da wuta, da barguna da tamfol.

Ni ma na gyara nawa kuskuren. Na ci na ƙoshi kafin in kwanta, gari da ƙuli-ƙuli da kilishi, don cikin da ba komai ba ya hura wuta. Na cire safar da na wuni da ita na sa busasshiya. Na zuba ruwan zafi a gora, na zura ta cikin safa na ajiye a tsakanin cinyoyina. Takalma na sa su a buhun shinkafar nan na yi matashi da su. Hular kuwa na tsuke ta, amma na bar hanci da baki a waje, komai sanyi.

Abin da na gani ta wannan 'yar kafar shi ne ribar tafiyar. Ƙurar hunturu da ke rufe mana sama a Kano mun baro ta a ƙasa. Taurari sun yi yawa har sai da na ɗan sha wuya kafin in gano Kaza da 'Ya'yanta, ga su kuwa kusan a tsakar kaina. Ciyawar tana ƙara a hankali duk lokacin da na motsa, tana ƙamshin rumbu. Ina jin yaron yana yi wa taubashina bayanin sunayen shanunsu, ban san inda hirar ta ƙare ba. Da na buɗe ido Gamzaki ya fito, gorar tana da sauran ɗumi, har na yi gumi a wuya. Daren nan koriyar da rigar waje kaɗai ma da sun ishe ni. Taubashina ne ya tashi yana cewa ƙafarsa ta mutu.

"Ranka ya daɗe," na ce masa daga cikin buhuna, "a kawo wa Janar shayi."

Hantsi muka kai ƙoli. Mutanen wurin Gangirwal suke ce masa. Ba wani tsini ba ne, tudu ne mai ciyawa da iska mai yanka kunne, Kamaru tana shimfiɗe a gabanka tudu bayan tudu. Muka yi hotuna, muka ci dabino, sanyi ya koro mu kafin rabin awa.

Dare na uku a rugar Baffa muka yi shi, kuma a waje na sake kwana, wannan karon a sama da garke, a kan ciyawar da na yanka da hannuna har ta yi mini kanta. Da safe na miƙa masa buzunsa. Ya karɓa, sai na ga idonsa yana kan baƙar jakar barcin nan mai kauri. Na ɓalle maɓallanta na raba ta da sauran na ba jikansa, don shi ke kwana da shanu idan sun yi nisa. Yaron ya shige ciki nan take, ya ja zif, ƙannensa suka kewaye shi suna dariya. Baffa ya mayar mini da buzun ya ce in tafi da shi.

Koriyar da rigar wajen suna nan a gida. Sau biyu uwargida tana wanke su, har yanzu ƙaurin hayaƙin rugar bai fita ba, ta ce kada in kuskura in haɗa mata su da kayan ɗakinta.