Belot a kwamfuta: gyara dokoki kafin ka taɓa karta

Belot wasan mutum huɗu ne, biyu da biyu, kuma ba kullum ake samun huɗun ba. Kwamfuta tana cike wannan gurbi: ta ba ka abokin wasa ɗaya da abokan karawa biyu a duk lokacin da ka so. Sai dai da yawa daga cikin masu gwadawa a nan Maradi ba sa daɗewa suke rufe ta, suna cewa cuta take yi. Galibi ba cuta ba ce. Dokokin da manhajar ta zo da su ne suka saɓa da waɗanda aka saba da su a fada, kuma ba wanda ya buɗe wurin saiti ya duba. Minti biyar na gyara kafin rabon farko ya ishe ka.

Hanya biyu ce. Ko ka saka manhaja a cikin injin ka yi wasa ba intanet, ko ka shiga shafi ta burauza ka kara da mutane. Ga mai koyo, ta farkon na fi so nesa ba kusa ba: ba ruwanka da rezo, ba ta cin forfe, ba agogon da ke ƙirga maka daƙiƙa. Bel Atout na cikin tsofaffin manhajojin Windows na kyauta da ke da belot, kuma ba ta buƙatar inji mai ƙarfi, kwamfuta ta hannu da aka sayo a kasuwa ma tana ɗaukarta. Na intanet kuwa akwai Belote.com da Board Game Arena.

Ka sauke daga shafin mai manhajar kansa. Shafukan da ke tara wasanni barkatai sukan dasa manyan maɓallai na ƙarya masu cewa a sauke, ka danna ka jawo wa kanka talla da tarkace. In a kile wani ya kawo maka, sa antibirus ya bincike ta kafin ka buɗe komai. Ka ga manyan fayiloli sun koma masu ɗan kibiya a ƙasan hotonsu, to cire ta kawai, ƙwayar cuta ce. Fayil ɗin da ya zo a dunƙule, mai ƙarewa da .zip, danna maɓallin dama na linzami a kansa ka zaɓi «Extraire tout» tukuna. Mai buɗe wasa daga cikin dunƙulen yakan tarar hotunan karta ba su fito ba, domin manhajar ba ta ganin sauran fayilolinta. Windows 10 da 11 sukan fito da shuɗin allo mai cewa «Windows a protégé votre ordinateur». Idan ka tabbata daga ina fayil ɗin ya fito, danna «Informations complémentaires» sannan «Exécuter quand même». Idan ba ka tabbata ba, kada ka danna. Tsohuwar manhaja da ta ƙi tashi, shiga «Propriétés», sai «Compatibilité», ka sa ta yi aiki kamar a Windows 7. Wadda aka yi tun zamanin 16 bit kuwa ba za ta tashi a Windows mai 64 bit ba ko ka yi mata wannan gyara. Haka shafukan da aka gina wasansu da Flash: an daina tallafa wa Flash tun ƙarshen 2020, kada ka ɓata lokaci a kansu.

Wanda injinsa ke da Windows 7 yana da wani wasan na wannan dangi a ciki, Dame de pique, mai karta 52, inda ake gudun maki maimakon neman su. In bai gan shi ba, a wasu nau'o'in Windows 7 wasannin a kashe suke zuwa, sai an kunna su a «Activer ou désactiver des fonctionnalités Windows». Daga Windows 8 aka cire shi.

Yanzu saiti, inda aikin yake.

Fara da fuskar karta. Kartar Faransa tana rubuta V a bale, D a dam, R a sarki, wani lokaci 1 a as. Ta Ingila tana rubuta J, Q, K da A. Zaɓi wadda idonka ya saba da ita, domin rikita bale da sarki sau ɗaya ya isa ya kayar da rabo. Sannan ka duba ta ina wasa ke zagayawa. A ƙa'idar belot ta hannun dama ake bi, amma wasu manhajoji suna bin hagu, kuma wannan ke nuna wanda zai jefa bayanka. Rage saurin jefawar kwamfuta, ka kunna zaɓin da ke barin karta huɗun a kan tebur har sai ka danna. In ba haka ba, kafin ka ga wa ya zubar da me an kwashe.

Tabbatar belot ta gargajiya ka zaɓa, ba kwansh ba. A ta gargajiya karta 32 ce, daga 7 zuwa as. Ana ba kowa biyar, uku sannan biyu, a buɗe ɗaya a tsakiya. Wanda ya yarda irinta ya zama atu, wato irin da ke cin sauran iri, ya ɗauke ta, a ƙara masa biyu, sauran a ƙara musu uku-uku, kowa ya tashi da takwas. In duka huɗun suka wuce, a zagaye na biyu mutum na iya kiran wani iri dabam, kuma duk da haka shi ke ɗaukar kartar tsakiya. A kwansh kuwa takwas ɗin ake rabawa gaba ɗaya, a yi ta ɗaga alkawarin maki daga 80 zuwa sama. Wanda ya buɗe kwansh yana jiran kartar tsakiya zai yi zaton manhajar ta lalace.

Dokoki uku ne suka fi haddasa zargi. Na ɗaya, yanka da atu. In ba ka da irin da aka nema dole ka yanka, sai fa idan abokinka ne ke riƙe da zubin, wato kartarsa ce ke cin waɗanda aka jefa a zagayen, a nan kana da damar zubar da abin da ka ga dama. Na biyu, hawa: duk lokacin da atu ke kan tebur kuma za ka jefa atu, dole ka jefa wanda ya fi shi in kana da shi. Na uku shi ne wanda wurare suka fi saɓawa a kai. Abokin karawa ya yanka da atu babba, kai kuma ƙaramin atu kawai gare ka: dole ne ka jefa shi ya mutu a banza, ko kana iya zubar da wata karta? A belot ta gargajiya dole ne, a kwansh galibi ba dole ba ne, kuma kowace fada da yadda ta ɗauka. Idan ka danna karta ta ƙi fita, ko ka ga ta dushe a allo, in ba ƙin bin irin da aka nema ba ne, ɗaya daga cikin ukun nan ne ya hana ta. Nemi layin a saiti ka daidaita shi da yadda mutanenka ke yi.

Sai maganar sanarwa, wato ƙarin makin da ake samu in an faɗi wani haɗin karta da ke hannu. Karta uku a jere na iri ɗaya maki 20 ne, huɗu 50, biyar 100. Bale huɗu 200, 9 huɗu 150, as ko 10 ko sarki ko dam huɗu 100. Ina ba mai koyo shawara ya kashe su da farko. Suna juya sakamako da sa'a zalla, mutum ya yi wasa mai kyau ya faɗi bai gane dalili ba. Belot da rebelot dabam ne, wato sarki da dam na atu a hannu ɗaya, maki 20. Wasu manhajoji suna faɗa maka da kansu, wasu sai ka danna maɓalli daidai lokacin da kake jefa kartar. Duba wanne ne naka, domin in ka manta ba mai tuna maka.

Akwai kuma abin da saiti ba ya gyarawa, kuma shi ne tushen zargin cuta. A fada ba kasafai ake cuɗa karta sosai ba. A tattara zubin da aka ci, a yanka, a raba. Tunda kowane zubi yawanci iri ɗaya ne, kartoci suna zuwa a manne, mutum ya samu atu biyar ko shida ba wani abin mamaki ba ne. Kwamfuta tana cuɗawa sarai a kowane rabo, hannaye su fito a warwatse, biyu nan, uku can. Wanda ya saba jiran dogon hannu kafin ya ɗauka zai yi ta wucewa, abokan karawa suna ɗauka suna ci, sai ya ce an fi ba su. Kartar kowa haka take. Su dai sun yarda su ɗauka da uku masu kyau.

Kwamfuta tana yin lissafi, amma wanda bai riƙe shi a ka ba bai san me yake yi ba. A atu, bale ne babba da maki 20, sai 9 da 14, as 11, 10 da makinta goma, sarki 4, dam 3, 8 da 7 ba komai: jimla 62. A sauran iri ukun, as 11, 10 goma, sarki 4, dam 3, bale 2, sauran ba komai: 30 kowanne. Ka haɗa 62 da 90, 152 ke nan, zubin ƙarshe ya ƙara 10, ya zama 162. Wanda ya ɗauka dole ɓangarensa ya fi ɗayan, wato 82. In akwai belot a wasan jimla ta koma 182, sai an kai 92, kuma nan ne mutane ke ganin 85 a allo su yi murna, sannan a ce sun faɗi. Faɗuwa na nufin 162 duka sun tafi wa abokan karawa. Cinye zubi takwas ɗin, kapo, 252 ne, wasu manhajoji su rubuta 250. In aka yi 81 da 81, ɓangaren da bai ɗauka ba su rubuta nasu, na mai ɗauka a ajiye wa wanda ya ci rabo na gaba.

Ga hannu biyu a gwada. An buɗe 9 na ker. Kana da bale da 7 na ker, as da 10 na pik, 8 na karo. Ɗauka ba tare da dogon tunani ba: manyan atu biyu suna hannunka, 34 ke nan, as da 10 na pik 21, ka kai 55 tun ba a ƙara maka biyu ba, ba a kuma lissafa abin da balenka zai tsinto ba. Na biyu: an buɗe as na ker, kana da 10 da sarki na ker, ba bale ba 9. A ido maki 25 ne, amma bale da 9 suna waje, kuma su za su cinye maka as da 10 ɗin. Sai in kana da as biyu a gefe, in ba haka ba wuce.

Ka ɗauka, to fara jawo atu. Takwas ne kacal. Kana da huɗu, ka jefa bale, duka ukun suka bi: bakwai sun bayyana, saura ɗaya a waje. Ka san ko wanne ne, ka kuma tambayi kanka ko ya cancanci ka kashe atu a kansa, domin yana iya kasancewa a hannun abokinka. In kuwa ka ga abokan karawa biyun duk sun zubar da wani iri a kan atu, tsaya nan, duk wanda ka ƙara jawowa naku ne. Kada ka fito da 10 alhali as ɗinta bai faɗi ba. Abokinka na riƙe da zubi kuma kai ne na ƙarshe, loda masa maki, 10 ko sarki. Abokin wasa na kwamfuta ba duka ke fahimtar kira ta hanyar zubar da ƙaramar karta ba. Gwada shi a rabo kaɗan ka ga ko yana dawo maka da irin da ka nuna, in ba ya yi ka daina dogara da hakan.

Wani lahani da ya kamata a sani: kwamfuta tana hana ka kuskure, ta dusar da kartar da doka ta hana. A tebur na gaske ba mai dusar maka, kuma ƙin bin iri alhali kana da shi na iya jawo wa ɓangarenku asarar rabon duka. In manhajarka tana bari a kashe wannan taimako, kashe shi bayan ka ƙware.

Mai son karawa da mutane ta intanet, ya sa haɗinsa a «Connexion limitée» don kada sabuntawar Windows ta lashe forfe yana tsakiyar wasa. Wasan kansa ba ya cin wani abin kirki. In kartocin ƙasa sun yanke a ƙaramin allo, F11 ko Ctrl da alamar ragewa suna gyara shi. Caja batir kafin a zauna, domin kuran na iya ɗaukewa, kuma wanda ya ɓace a tsakiyar rabo kwamfuta ce ke hawa kujerarsa, wasu shafukan har su rage masa daraja. A watannin Afrilu da Mayu kada a aza injin a kan katifa ko tabarma, ƙofar iskarsa a ƙasa take, ƙurar hunturu kuma ta riga ta cika fankar. Ya yi zafi zai mutu da kansa. Tebur na sirri ya fi daɗi: ka aika gayyata ta WhatsApp wa abokai a Yamai ko Damagaram ku haɗu ku huɗu. Shafin da ya ce ka zuba kuɗi don ka ci kuɗi, wannan caca ce, a rufe shi. Wasan da ake tsere zuwa maki 501 yakan ƙare a rabo biyar ko shida, na 1000 ya ninka haka, sai a duba agogo kafin a fara gab da magariba.

Zubin ƙarshe kuwa a shirya masa tun daga na biyar. Idan atu ɗaya ya rage maka kuma ka tabbata babu wani a waje, kada ka yanka da shi don ka kwashi 7 da 8 in doka ta ba ka zaɓi. Fitar da sauran kartocinka masu ci, ka bar shi na ƙarshe. Rabin 152 shi ne 76, kuma in maki suka rabu 76 da 76, goman nan na ƙarshe ne ke kai mai ɗauka 86 ko ya bar shi a 76 ya yi asarar 162.